Iyali a Kafanchan, aiki a Abuja: haya biyu, albashi ɗaya

Ma'aikacin tarayya da tsadar hayar Abuja ta kora yakan ajiye iyalinsa a Kafanchan, inda ciki da falo bai fi ƙarfin albashi ba. Da asubar Litinin sai ya bi ta Kwoi da Keffi, ya yi kwanakin aiki a ɗakin haɗaka a Mararaba, ya koma gida ranar Juma'a.

Amma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya lashe rarar.

Duk wata ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa domin Asusun Gidaje na Ƙasa. Ya kamata Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya sauƙaƙa masa rancen gina gida inda 'ya'yansa ke kwana, kada ritaya ta riske shi yana ɗan haya.