Agogon da ke Rayuwa da Ƙidaya

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a shekarar 1981 ba ta da agogo mai batir, shi ya sa da an kunna ta manhajar DOS ke tambayar mai ita kwanan wata da lokaci, idan kuwa bai amsa ba sai ta ɗauka ranar 1 ga Janairun 1980 ce. Daga nan duk saninta game da lokaci ƙidaya ce, ƙidayar kuma ta dogara ga abin da masana ke kira katsewa, wato saƙon da wata na'ura ke aika wa masarrafi, ƙwaƙwalwar kwamfutar, don ya ajiye aikin hannunsa, ya biya mata buƙata, sannan ya koma inda ya tsaya.

Wata 'yar na'ura mai lamba 8253 ce ke karɓar bugun lantarki kimanin 1,193,182 a kowace daƙiƙa, tana raba shi da 65,536, ta yadda take ƙwanƙwasa wa masarrafi ƙofa kimanin sau 18.2 a daƙiƙa. Saƙon kan bi ta hannun wata na'urar mai lamba 8259, wadda ke tsaron layuka 8 tamkar sarkin ƙofa, kuma layin agogo, wato na 8253, ne ke gaban kowa, har da allon madannai. A kowace ƙwanƙwasa masarrafi kan duba jadawalin adireshi da ke farkon ma'adana, ya tafi ga ɗan gajeren umarnin da ke ƙara ɗaya a kan lissafi, ya sanar da mai tsaron ƙofar cewa an gama. Idan lissafin ya kai 1,573,040, dare ya raba ke nan, sai a mayar da shi sifili, a ɗaga alamar sabuwar rana.

Raunin tsarin yana nan inda ƙarfinsa yake. Manhajar da ta toshe katsewa na tsawon lokaci kan jawo asarar ƙwanƙwasa, domin mai tsaron ƙofar saƙo ɗaya kawai yake riƙe wa kowane layi, kuma lokacin da ya salwanta ba ya dawowa sai an saita agogon. Ko da IBM ya ƙara agogo mai batir a samfurin AT na 1984, DOS kan karanta shi ne yayin kunnawa, sannan ta ci gaba da ƙidayarta.

Duk da haka kuskure ne malaman kimiyyar kwamfuta su tsallake wannan tsohon tsari da sunan ya zama tarihi. Cibiyar Linux, wato ɓangaren manhajar da ke hulɗa da na'urori kai tsaye, ta fara a 1991 da wannan ƙidayar, sai dai ta mayar da ita sau 100 a daƙiƙa, tana kuma raba wa ayyuka lokacin masarrafi da ita. Ɗalibin da ya bi ƙwanƙwasa guda daga 8253 har zuwa lissafin ma'adana ya ga dalilin da ya sa dole umarnin katsewa ya gajarta, darasin da manhajojin yau suka binne ƙarƙashin miliyoyin layukan rubutu.