Kafin ka aika wa tsoho wayar AMOLED zuwa ƙauye

A watan da ya wuce wani ƙanen mahaifina ya taso daga Sae Sabuwa zuwa Maraɗi da waya a aljihu, fuskarta ta yi baƙi ƙirin sai wani koren layi. Ɗansa da ke aiki a Aljeriya ne ya aiko masa da ita, kuma ta nan kaɗai suke ganin juna. Mai gyara ya juya ta, ya ce: "Alhaji, wannan AMOLED ce." Da ya faɗi kuɗin sabuwar fuska, tsohon ya mayar da wayarsa aljihu.

Mu matasa muna jin AMOLED kamar wata lambar girma, alhali kaɗan ne cikinmu suka san abin da ke ciki. Wayar da aka saba da ita, mai LCD, tana da fitila ɗaya a baya da ke haska fuskar baki ɗaya. A OLED kuwa kowane ɗigo ne ke ba da nasa hasken, daga wasu sinadarai masu tushen kabon da aka shimfiɗa siriri ƙwarai, fiye da gashin kai nesa ba kusa ba. Da can an ɗauka irin waɗannan sinadarai, dangin roba, ba sa wuce da lantarki. A 1977 Alan Heeger da Alan MacDiarmid da Hideki Shirakawa suka nuna ana iya sa su yi hakan, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. A 1987 kuma Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak a Amurka suka haɗa OLED ta farko mai aiki sosai.

Amfaninta ba ƙarya ba ne. Duk inda hoto ya yi baƙi, ɗigon a kashe yake, don haka wanda ya sa wayarsa a baƙar fuska zai ga batir ya ƙara daɗewa. A garin da ake biyan kuɗi kafin a yi cajin waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai sinadaran nan ba su da juriya. Danshi da iska na lalata su, shi ya sa ake rufe su ruf, kuma ƙaramin tsagewa na iya buɗe wa ɓarna ƙofa. Zafi da ƙure haske suna sa su tsufa da wuri, shuɗin launi ne ke fara gajiya. Yanzu ka tuna manomin da ke gona a watan Mayu, zafi ya haura digiri 40, dole ya ƙure haske kafin ya ga lambar da ke kiransa.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne wajen gyara. Fuskar asali tana da tsada, sai a saka wa mutum LCD mai araha ba tare da an yi masa bayani ba. Wayar ta kama, amma batir ya riƙa zuba, kuma idan mai karanta yatsa a ƙarƙashin fuska yake, ya daina aiki. Ban ce masu gyara su daina sayar da ita ba, talaka na buƙatarta. Su dai faɗa wa mai waya abin da suka saka masa.

Ku kuma 'yan'uwa da ke Libiya, Abijan ko Legas, na san ba don alfahari kaɗai kuke zaɓen mai tsada ba, so kuke iyaye su ga an tuna da su. Amma kafin ka biya, kira wani mai gyara a Maraɗi ka tambaye shi ko ana samun fuskar wannan samfurin da nawa take. In ka ji kuɗin ya fi ƙarfin gida, sayi mai LCD da babban batir, ragowar ka haɗa da ƙaramin faifan sola.

Shi dai Baba ya koma Sae Sabuwa da ƙaramar waya mai maɓalli da na ara masa. Muryar ɗansa yake ji yanzu, hoton sai an aiko kuɗin gyara.