Filin Lissafi: Igiya Ba Ta Raba Gona

Zuwa ga Edita. Ina roƙon ɗan filin da ka saba ba ni, domin kaka ta wuce, lokacin rabon gonakin gado ya zo, da shi da ƙararrakinsa a gaban alƙali.

A ƙauyukanmu na Mashi, nan kan hanyar Katsina zuwa Daura, akwai masu auna gona da kewaya ta da igiya. In igiya ɗaya ta kewaye gona biyu, sai su ce girmansu ɗaya. Jama'a, wannan kuskure ne, yana kuwa cin haƙƙin marayu ba da niyyar kowa ba.

Ga gona mai tsawon taki 40, faɗi taki 40. Kewayenta 160. Ga wata mai tsawon taki 60, faɗi 20, ita ma kewayenta 160. To, kai mai karatu, tsaga su gida-gida kamar gurabun dara, kowane gida taki ɗaya ta kowane gefe. Ta fari 40 sau 40, gida 1,600 ke nan. Ta biyu 60 sau 20, gida 1,200. In ta fari ta ba da damin gero 40, ta biyu 30 za ta bayar, alhali igiya ta rantse daidai su ke. Girman gona tsawo sau faɗi ne.

Yanzu a ce mai gonar fari ya rasu, an biya bashi da wasiyya, ba wani magaji sai mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Tumunin takaba, watau ɗaya cikin takwas, gida 200 ne, saura 1,400. Ba mu san rabon 'yar ba tukuna, sai mu kira shi “abu”. Kowane ɗa yana da abu biyu. Abu biyu da abu biyu da abu ɗaya, abu biyar ke nan, su ne 1,400. Ashe abu 280 ne, kowane ɗa kuwa 560. Tun da tsawon gonar 40 ne, a raba kowane rabo da 40, a yanka daga gefe guda: matar taki 5, 'yar 7, maza 14 kowanne. Ka haɗa su, 40 cif.

Wannan “abu” shi ne harafin da ke firgita yaranmu a makaranta, shi ne aljabra. Na kan ji waɗansu malamanmu na zaure suna cewa ilmin Turawa ne, ba ruwansu. Haba malamai! Sunan kansa daga littafin Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen 820, zamanin Halifa Ma'amun, babban kashi na littafin kuwa kan wasiyya da gado ya ke. Shi ma “abu” ya ke kiran adadin da ba a sani ba, da Larabci. Mu Katsinawa kuma muna da namu, Muhammadu Alkashinawi, wanda ya yi littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Sai dai lissafi bai san fadama da jigawa ba. In gefe ɗaya ya sha taki, ɗaya kuwa fako ne, ko akwai kuka da ɗorawa a ciki, dole dattawan unguwa su yi wa ƙasar kima kafin a kafa iyaka.

Tambayar wannan mako ga malaman makaranta da akawuna: gona mai kusurwa huɗu daidai, kewayenta taki 160, tsawonta 50, gida nawa ke cikinta? A aiko da amsa ta hannun Edita, tare da hanyar da aka bi.

Haza wasalam.

Naku, Malamin Lissafi, Mashi.