Buɗaɗɗiyar Manhaja da Rufaffen Bayani: Darasi Daga Illela

Kwanakin baya na kai ziyara garin Illela, na haɗu da wani tsohon ɗalibina wanda yake aikin tattara alƙaluman marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Ya nuna mini wata manhaja a wayarsa wadda yake aika rahoton mako-mako da ita. A cikinta akwai gurbi guda da aka rubuta wa sunan cutar sanƙarau kawai, ba wani ƙarin bayani. Shi yana sa adadin duk waɗanda ake zaton sun kamu, abokin aikinsa kuwa ba ya sa kowa sai wanda gwaji ya tabbatar. Dukansu masu gaskiya ne, amma alƙalumansu ba su taɓa zama ɗaya ba. Da suka duba littafin jagorar manhajar, sai suka tarar bai ce komai a kan wannan gurbi ba.

Mai karatu zai iya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. To, ba ƙarami ba ne. Illela tana cikin yankin da sanƙarau yakan ɓarke daga lokacin hunturu zuwa bazara. A annobar 1996, fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma a 2017 cutar ta sake ɓulla a jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, idan a mako guda aka sami mutum 10 da ake zaton sun kamu cikin kowane mutum 100,000, to an shiga annoba, sai a hanzarta rigakafi. Ashe ke nan wanda yake jiran tabbacin gwaji kafin ya rubuta yana jinkirta gargaɗi ba tare da ya sani ba. Jimla ɗaya tak a littafin jagora ta isa ta raba wannan gardama.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bar rubutun umarninta a fili, kowa yana da izinin karantawa da gyarawa da rarrabawa. Misali shi ne DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagorantar gininta, aka fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Yanzu ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita, ciki har da Nijeriya da Nijar. Kowace ƙasa ita take tsara gurabenta, ta kuma rubuta ma'anarsu. Saboda haka aikin bayani ba ya ƙarewa a Oslo, yana gangarowa har zuwa Illela da maƙwabciyarta Birnin Ƙonni, inda jama'a suke kai da komo kullum, cuta kuma ba ta tsayawa a duba takardunta a bakin iyaka. Ma'aikacin Illela ya yi karatu da Ingilishi, na Ƙonni da Faransanci, amma da Hausa dukansu suke tambayar marar lafiya.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A binciken da GitHub ya yi a 2017, kashi 93 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce suna cin karo da bayanin da bai cika ba ko wanda ya tsufa, amma kashi 60 sun ce da wuya su sa hannu wajen gyara shi. A 2019 ma kamfanin Google ya ƙaddamar da shiri na musamman don haɗa marubuta da masu gina irin waɗannan manhajoji. Ra'ayina shi ne, manhajar da aka buɗe umarninta amma aka bar bayaninta a dunƙule, masana ƙalilan kawai aka buɗe wa ita.

Mu masu nazarin halittu mun daɗe da sanin wannan. Kafin Linnaeus ya wallafa littafinsa na tsirrai a 1753, kowane masani da irin dogon sunan da yake ba tsiro guda. Da aka daidaita suna da siffa, sai ya zama duk inda aka ce Adansonia digitata an san kuka ake nufi. Haka kuma a 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya haɗa su da na kimiyya, ana amfana da aikin har yau.

Kyakkyawan bayanin gurbi yana amsa tambayoyi huɗu. Mene ne ake sawa a cikinsa, mene ne kuma ba a sawa? Da wane ma'auni ake ƙirgawa, mutum ne ko zuwa asibiti, mako ne ko wata? Ina misali cikakke da za a kwaikwaya? Yaushe aka sabunta bayanin, kuma da wane zubi na manhajar ya dace? Ta ƙarshen nan ita aka fi sakaci da ita, alhali tsohon bayani ya fi rashin bayani haɗari, domin mai karanta shi yana tafiya da gaba gaɗi a kan hanyar da aka riga aka sauya.

Wasu za su ce ai ana shirya wa ma'aikata bita, ina amfanin dogon rubutu? Amsa ita ce, ma'aikaci yana samun canjin wurin aiki, mai koyarwa yana komawa birni, wanda ya gaje su kuwa ba abin da zai tarar sai takarda. Wasu kuma za su ce wannan aikin ƙwararru ne, ba na ɗalibin sakandare ba. Ni dai ban yarda ba. Wanda ya gina manhaja ba ya ganin giɓin bayaninsa, domin abin da bai rubuta ba yana cikin kansa. Baƙon ido shi yake gano inda aka tsallake.

Don haka ina ba malaman kimiyya shawara su gwada wannan a ƙungiyar kimiyya ta makarantarsu. A zaɓi buɗaɗɗiyar manhaja guda, kamar LibreOffice, a ba ɗalibi shafi ɗaya na littafin jagorarta, ya bi umarnin ba tare da an taimaka masa ba. Duk inda ya tsaya, a rubuta. Sannan ajin ya sake tsara shafin da Hausa mai sauƙi, a ba wani ajin ya gwada. In an gamsu, malami ya aika wa masu manhajar da gyaran, domin ƙofar karɓar gyara a buɗe take. Ɗalibin da ya saba da wannan ya koyi rabin aikin ɗakin gwaje-gwaje, wato rubuta hanya yadda wani zai bi ta ya sami sakamako iri ɗaya.

Tsohon ɗalibin nan nawa kuwa, kafin mu rabu ya rubuta layi biyu ya manna a bangon ofishinsu, yana bayyana wa za a ƙirga a gurbin sanƙarau. Na roƙe shi ya aika da layukan nan ga shugabanninsa, ko Allah Ya sa su shiga littafin jagora kafin hunturu mai zuwa.