Ɗaliban Kwaleji Da Aikin Gayya A Potiskum

Duk wanda ya kwana a Potiskum ya fito da sassafe, zai ci karo da ayarin samari da 'yan mata riƙe da littattafai, waɗansu a ƙasa waɗansu a keke mai ƙafa uku, sun nufi Kwalejin Horon Malamai ta Fasaha ta Gwamnatin Tarayya, ko kuwa kwalejin mulki da kasuwanci ta jiha wadda mutanen gari suka saba kira CABS. A kan hanya sukan wuce wani ayarin, watau na yara masu talla, da masu kora dabbobi zuwa kara, da samari 'yan dako da yaran mota waɗanda da yawansu ba su iya rubuta sunansu ba. Ayarin biyu 'yan unguwa ɗaya ne, wani lokaci ma 'yan gida ɗaya. Sukan gaisa, kowa ya kama gabansa, domin babu wani tsari tsayayye da ya ɗora wa na farko alhakin waiwayar na biyu.

Idan aka yi maganar ɗalibai da yi wa jama'a aiki a ƙasar nan, abin da kan fara zuwa ran mutane shi ne shirin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa da dokar soja mai lamba 24 ta ran 22 ga Mayu, 1973, shekara uku bayan ƙare yaƙin basasa. Ɗaliban jami'o'i sun yi bore a kan shirin tun kafin a fara shi, amma daga bisani mutum 2,364 suka fita a karon farko, kuma ga shi har yau ana yi. Sansanin horon masu hidimar na Jihar Yobe yana Dazigau, a bakin Potiskum kan hanyar Kano. Ba shakka shirin ya yi amfani, musamman wajen cike giɓin malamai da ma'aikatan asibiti. Sai dai ainihin manufarsa ita ce haɗa kan ƙasa, shi ya sa ake ɗauko yaro daga Inugu ko Ibadan a kawo shi Yobe. Yaron nan ba ya jin Bolanci ko Karekare ko Ngizim, sau da yawa ko Hausa ba ya ji, rana ɗaya ce a mako aka ware masa don aikin raya unguwa, kuma kafin ya gama gane gari shekara ta cika ya ɗaure kayansa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Masu digiri da masu babbar difloma kaɗai ake kira hidimar ƙasa. Mai takardar malanta ta NCE ba a kiransa, haka nan mai ƙaramar difloma. Ke nan mafi yawan ɗaliban da ke karatu a Potiskum, waɗanda kan shafe shekara biyu ko uku a garin, suna jin harsunan mutanensa, sun san wace rijiya ce ta ƙafe da wace makaranta ce iska ta yaye wa rufi, su ne waɗanda babu dokar da ta nemi su tsinana wa garin kome.

Akwai ƙofofi biyu da kan fitar da su waje. Ɗaya ita ce koyarwar gwaji, wadda kowane ɗalibin malanta yakan yi na 'yan watanni a wata makaranta. Ɗayar kuwa ita ce koyon aiki a ma'aikatu, da ake kira SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya ƙirƙiro cikin shekarun 1970. Duka biyun don amfanin ɗalibin aka yi su, domin ya sami maki, kuma da zarar malamin da ke duba shi ya sa hannu, magana ta ƙare. Bayan waɗannan sai aikin sa kai na ƙungiyoyi: ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa da kan buɗe darasin hutu kyauta, da 'yan agaji, da masu ba da jini a babban asibiti. Waɗannan sun cancanci yabo. Amma duk wanda ya san ƙungiyoyin ɗalibai ya san ciwonsu: aikin yakan rataya a wuyan mutum ɗaya mai himma, ran da ya gama karatu kuwa sai allon da aka saya ya koma bayan ƙofa.

Dalilin da ya sa maganar ta fi nauyi a Potiskum ba ɓoyayye ba ne. Ran 6 ga Yuli, 2013, 'yan bindiga suka auka wa makarantar sakandare ta Mamudo da dare, suka kashe mutum 42 bisa rahotannin lokacin, yawancinsu ɗalibai. Ran 10 ga Nuwamba, 2014, wani sanye da kayan makaranta ya ta da bam a tsakiyar taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta garin, fiye da yara 40 suka rasu. Cikin Mayu, 2015, aka kai hari kwalejin CABS kanta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. An rufe makarantu na wani lokaci bayan hare-haren, iyaye da yawa kuma suka ga gara ɗa ya zauna gida da ransa. Yaron da aka cire daga aji uku a 2013 yanzu ya haura shekara 20, wataƙila yana da mata da ɗa. Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmin firamare da sakandare a 2019, an kuma gina azuzuwa. Gini ɗan kwangila ke yinsa cikin wata shida. Amma mai gemu ba ya komawa aji ɗaya ya zauna da ƙannensa, sai dai a same shi bayan la'asar ko bayan isha'i, a zauren mai unguwa ko a rumfar tasha, a koya masa cikin mutunci. Wannan aiki ne da ke bukatar mutane masu yawa, kowa ya ba da sa'o'i kaɗan, kuma babu inda ake da irin waɗannan mutane jibge wuri ɗaya kamar kwaleji.

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba baƙi ba ne ga irin wannan aiki, sunansa gayya. Abin lura ga gayya shi ne tana da ƙa'ida, ko da yake ba a rubuce take ba. Mai gona shi ke kira, shi ke nuna inda za a nome. Kowa yakan zo da fartanyarsa, watau da abin da ya iya riƙewa. Fura da tuwo kuwa a wuyan mai gona suke, domin ba a kiran mutum gayya a bar shi da yunwa.

Gwamnati ta taɓa karya ƙa'idar farko ta ga sakamako. A 1976, da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa, an kwashi ɗaliban manyan makarantu lokacin dogon hutu aka watsa su ƙauyuka, wai su koya wa manoma noma, ana biyansu alawus. Manoma ba su kira su ba, kuma da yawa daga cikin ɗaliban ba su san bambancin gero da maiwa ba. Dattijon da ya shekara arba'in yana huɗa ya saurari yaro mai takalmin boko cikin ladabi, ya yi masa godiya, ya koma ya ci gaba da yadda ya saba. Ƙasar Somaliya kuwa ta bi wata hanya dabam. Bayan ta tsai da rubuta harshenta da baƙaƙen boko a 1972, sai a 1974 ta rufe makarantu ta tura dubban ɗalibai da malamansu karkara, suka zauna tare da makiyaya, suna bin su duk inda suka ya da zango, suna koya musu karatu da harshensu. Abin da ɗaliban suka kai abu ne da suke da shi makiyayan ba su da shi, makiyayan kuma su suka ciyar da su. An haɗa aikin da allurar dabbobi da ƙidayar jama'a, kuma da fari mai tsanani ya faɗo a tsakiyar shirin, ɗaliban nan suna cikin waɗanda suka taimaka wajen aikin agaji. Garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma ya kamata ya dubi wannan misali da kyau.

Mece ce fartanyar ɗalibin Potiskum? Kwalejin tarayya ta fasaha ce, watau ana koyar da kafinta da gini da aikin ƙarfe da wutar lantarki da gyaran mota, ban da noma da tattalin gida da kasuwanci. Ɗalibin kafinta dole ne ya ƙera wani abu kafin a ba shi maki. Maimakon ya ƙera ɗan teburin da za a ajiye a ɗakin aiki ƙura ta rufe, me zai hana aikin jarrabawarsa ya zama gyaran kujeru ashirin na wata firamare inda yara ke zaune a ƙasa? Makarantun firamare da yawa suna da ɗaki guda da aka tara karyayyun kujeru, waɗanda ƙusa da 'yar guduma kawai suke jira. Haka nan rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, waɗanda sau da yawa waya ɗaya ce kan tsinke unguwa ta koma sayen ruwan 'yan garuwa wata da watanni. Ɗalibin lantarki tare da malaminsa suna iya gano matsalar cikin yini ɗaya, shi ya ƙaru da sanin aiki na gaske, unguwa ta sha ruwa.

Ɗaliban kasuwanci da lissafin kuɗi su ma suna da tasu gonar. Kowa ya tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, ciniki ya tsaya cik a kasuwannin dabbobi da na hatsi, domin mai saniya ba shi da asusun banki, wanda ke da shi kuma bai iya karanta saƙon da ke shigowa wayarsa ba. Mazambata sun ci kasuwarsu da saƙon ƙarya. Koya wa dillali ko Bafulatani yadda zai tabbatar kuɗi sun shiga kafin ya saki igiya, ko koya wa uwar adashe yadda za ta riƙe littafin zubi, darasi ne na mako biyu ko uku, amma yana iya tsare dukiyar shekara goma.

Akwai kuma wani aiki da ba a cika tunawa da shi ba. Marigayi Farfesa Russell Schuh, Ba'amurke, ya zauna a Potiskum ya yi nazarin harshen Ngizim, ya fitar da ƙamusunsa a 1981. Daga baya shi da Farfesa Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci aikin da ya samar da ƙamusoshin Bolanci da Karekare da Ngamo da Bade da Ngizim, da fassarar Hausa da Turanci, aka buga su a 2004, aka sake bugawa a 2009. Da 'yan ƙasa masu jin harsunan aka yi aikin. Yau yara da yawa a garin da Hausa suke tashi, tsofaffin da suka san tatsuniyoyi da tarihin gidaje kuwa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowane ɗalibi yana da wayar da ke ɗaukar murya a aljihunsa, yana kuma da kaka a Fika ko Nangere ko Gadaka.

Mai karatu yana iya cewa, ai ɗalibin nan shi ma abin tausayi ne. Gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, akwai ɗaliban da ke wuni da gari da ƙuli. Wanda ya ce su fita aiki da aljihunsu ya karya ƙa'idar fura da tuwo. Lalle ne kuɗin mota da na abincin rana da na alli da ƙusa su fito daga Ƙaramar Hukuma ko hukumar ilmin firamare ta jiha ko attajiran gari, waɗanda Potiskum, garin manyan motoci da fatauci, ba ta rasa su ba. Kuma ya kamata kwaleji ta lissafa aikin cikin makin ɗalibi, ta ba shi takardar shaida, hukuma kuma ta dubi takardar ran da za ta ɗauki malamai. Jihar Kano ta nuna cewa irin wannan aiki yana tafiya idan hukuma ta tsaya masa: Hukumar Ilmin Manya da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983.

Haɗari biyu ne ke jiran shirin tun daga ƙofa. Na farko, kada hukuma ta ga ɗalibai na koyarwa kyauta ta ɗauka ta huta da ɗaukar malamai, alhali ga masu NCE zaune a gida ba aiki. Ɗalibin sa kai ajin dare da darasin hutu ne nasa, ajin safe na malami mai albashi ne. Na biyu, 'yan siyasa. Ran da aka buga hoton wani a rigar masu aikin, rabin unguwa za su janye 'ya'yansu, shirin kuma ya mutu da zaɓe. Nan ne sarakuna ke da amfani. Potiskum tana da fada biyu, ta Mai Fika, wadda hedkwatarta ta dawo garin tun 1924, da ta Mai Potiskum, kuma a ƙarƙashinsu akwai hakimai da dagatai da masu unguwa waɗanda suka san kowane gida. Su ne masu gona, su ya kamata su yi kira, su faɗi abin da unguwa ke so, su ba da zaure, su kuma tsaya wa ɗalibai mata waɗanda za su shiga gidaje su koyar da matan aure, domin babu maigidan da zai buɗe ƙofarsa ga baƙuwar da mai unguwa bai gabatar ba.

Ba sai an jira doka daga Abuja ko Damaturu ba. Shugaban kwaleji da hakimi ɗaya sun isa su fara da unguwa ɗaya a dogon hutu mai zuwa: mai unguwa ya rubuto sunayen samarin da suka bar makaranta tsakanin 2012 da 2015 waɗanda ke son komawa karatu, hedimasta ya ƙirga karyayyun kujerunsa, a ba kowane ɗalibi mutum biyar ko kujera goma, malami ɗaya yana zagayawa sau biyu a mako. Bayan wata uku a tara jama'a a ƙofar fada, a miƙa wa kowane saurayi jarida ya karanta da ƙarfi, a kuma ƙirga kujerun.