Waya Tsirara: Gayu Ne Ko Ganganci?

A wannan makon ba batun salo ko ƙa'idojin rubutu za mu taɓo ba. Za mu yi faɗa ne a kan abin da muke rubutun da shi.

Kwanan baya wata 'yar uwarmu da ke zaune a Unguwar Boro ta hau Keke Napep daga Sabo za ta koma gida. Hannun hagu riƙe da ledar cefane, hannun dama tana ƙarasa babin da ta yi wa masu karatu alƙawari da daddare. Keke ya taka wani tudu a titin Kachia, wayar ta sulale daga hannunta kamar tarwaɗa, motar da ke biye ta bi ta kai. Babi goma sha tara ne a ciki, ba ta ajiye kwafinsu a ko'ina ba. Duk mun yi mata jaje, mun ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma da muka tambaye ta ko wayar na da riga, sai ta ce ta cire tun satin da ta saya, wai rigar tana ɓoye kyan wayar.

Ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa muka kawo maganar nan. Yawancinmu ba mu da kwamfuta. A waya muke rubuta labari, a waya muke gyarawa, a waya muke turawa WhatsApp da Wattpad, a waya masu karatu ke biyan mu. Ita ce alƙalaminmu, ita ce takardarmu, ita ce shagonmu. To wane mai hankali ne zai yarda a ba shi alƙalamin da ke zamewa a tsakanin yatsu?

Laifin farko na masu ƙera wayoyin ne, kuma ba za mu yi musu kara ba. Nokia 3310 da ta fito a 2000, wadda aka yi yayinta bayan shigowar GSM Najeriya a 2001, tana zama daram a tafin hannu, in ta faɗi ma a tattara murfi da batir a mayar, ta ci gaba da aiki. IPhone ta farko, ta 2007, faɗin fuskarta inci 3.5 ne. Yau wayoyinmu sun haura inci 6, ga nauyi wajen giram 200, ga gefen an goge shi sumul. A 2017 kamfanin Apple ya koma yin bayan gilashi a iPhone 8, da hujjar cewa cajin da ba ya buƙatar soka caja ba ya ratsa bayan ƙarfe. To mun ji wannan. Amma mene ne hujjar ƙananan wayoyin da mu talakawa ke saya, waɗanda yawancinsu ba sa irin wannan cajin, bayansu kuma roba ce? Don me ake goge robar har ta yi ƙyalli ta kwaikwayi gilashi? Amsar ɗaya ce: don ta ja ido a shago. Kyan ɗan maciji ke nan.

Kada kowa ya ce mana abin ya gagara. Tun a 2014 wayar OnePlus One ta fito da baya mai kaushi kamar dutsen wanke ƙafa. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka ne saboda ya lura da buƙatunmu: ya sa gurbin layi biyu, ya sa batir mai jure rashin wuta, ya gyara kyamara don ta fito da fuskar baƙar fata. Wanda ya iya nazarin fuskarmu haka, zai iya nazarin tafin hannunmu. Hannun da a lokacin hunturu ya sha man kaɗanya da basilin, a watan Maris da Afrilu yana tsiyayar gumi, a lokacin marka yana jiƙe. Hannun marubuciyar da ke juya miya tana amsa saƙon masu karatu, ga manja a yatsu, ga tayil a ƙasa yana jira.

Sai dai laifi tudu ne. Mu taka na kamfani mu hango namu. Mu ne muke cire rigar waya don a ga tambarin da ke baya, a ƙirga idanun kyamara a wurin biki. Maƙerin kakanninmu bai taɓa miƙa wa manomi fartanya ba ƙota ba. Baduku yana naɗe mariƙin wuƙa da fata, ya yi mata kube. Malamanmu ba sa yawo da littattafai tsirara, a gafaka suke sa su, don sun san darajar abin da ke ciki. Mu kuma da ke kiran kanmu marubuta, aikin wata shida muke ɗauke da shi a cikin abin da ya fi sabulu santsi, muna riƙe da shi da yatsa uku.

Ku lura da yadda muke rubutu. Hannu ɗaya, ƙaramin yatsa ya tokare gindin waya, babban yatsa yana miƙewa ya kai harafin da ke can gefe. In za mu sa ƙ ko ɗ ko ɓ, da yawanmu sai mun danna mun riƙe mun ja. A daidai wannan miƙewar riƙon ke sassautawa, a nan wayar ke tafiya. Wanda ke kiran waya na minti biyu ba ya cikin haɗarin da mai buga kalma dubu biyu a rana yake ciki.

Mun san uzurin da za a kawo. Wani zai ce riga tana sa waya zafi. Gaskiya ne mai kauri tana riƙe zafi, musamman lokacin caji; to a cire ta yayin cajin a kan tabarma ko katifa, a mayar kafin a fita. Wani zai ce ba kuɗi. Je ka tambayi mai gyaran waya a Sabo kuɗin canza sikirin, ka kwatanta da kuɗin riga, ka dawo mu yi magana. Wani zai ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, amma ko mai akuya ɗaure ta yake yi kafin ya kwanta.

Kuma ba kowace riga ce riga ba. Robar nan mai sheƙi, garai-garai, wadda ake sakowa kyauta a kwalin wasu wayoyi, da gumi ya taɓa ta ita ma zamewa take. A nemi wadda gefenta ke da kaushi ko tsaga-tsaga, kusurwoyinta huɗu masu kauri, bakinta ya ɗan ɗara fuskar waya tudu, don in ta kife kada gilashi ya fara taɓa ƙasa. Kafin a biya, a sa wa wayar, a riƙe da hannu ɗaya, a buga layi biyu a tsaye a gaban mai shago. A ƙara da zoben da ake mannawa a baya, ko maɓallin nan mai buɗewa, PopSockets, wanda wani malamin falsafa a Jami'ar Colorado ta Amurka, David Barnett, ya ƙirƙira ya fara sayarwa a 2014. Mai hawa keke ko acaɓa ya sa igiyar da ake rataya wa a wuyan hannu. Tana maganin suɓucewa, tana kuma rage wa mai fizge sauƙin aiki. Mu ma kira ga dukawanmu na Kano da Zariya da Sakkwato: fatar da kuke jemewa ba ta santsi, ku ɗinka mana gafakar waya, za mu saya.

Na ƙarshe, duk babin da aka gama a tura shi imel ko Google Docs a daren. Riga tana kare waya, amma ba ta hana ɓarawo.

'Yar uwarmu ta Unguwar Boro ta sake sayen waya, ta koma babi na ɗaya tana laluben abin da ta tuna. Ta ce jarumar labarin ta ƙi dawowa yadda take a da. Kafin ka yi mata Allah ya kiyaye gaba, juya wayar da kake karanta wannan da ita, ka dubi bayanta.