Wa Ke Yi Wa Ɗanka Allura?

Mai karatu, ran da aka kwantar da ɗanka a asibitin kuɗi, ka tambayi wadda ta zo da sirinji ko tana da lasisi? Farar riga ba shaida ba ce, tela ke ɗinka ta.

A Najeriya sai ɗaliba ta shekara uku a makarantar koyon jinya, ko biyar a jami'a, ta ci jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, kafin a kira ta nas. Tana fitowa gwamnati ta ce babu gurbi. Mai asibitin kuɗi kuwa ya gwammace yarinyar da ya koya wa ɗaura ruwa cikin 'yan watanni, tunda albashinta bai taka kara ya karya ba. A 2024 majalisar ta gindaya sharaɗin aikin shekara biyu kafin tantance takardun mai neman fita waje. To, a ina za ta yi shekara biyun?

Kai ke biyan wannan arha: ƙurjin allura, maganin da ya wuce kima, numfashin da ya sauya cikin dare babu wanda ya lura. Ka nemi ganin lasisi. In aka haɗe maka rai, ka ɗauke majinyacinka.